Digirin Digirgir a Adabin Turanci: Me Za Mu Je Nema a Can?



A wani zaman karatu da muka yi kwanan baya, wani ɗan uwanmu ya ce ya ajiye littafinsa a akwati, ba zai sake taɓa shi ba sai ya yi digirin digirgir a adabin Turanci, don a cewarsa sai a lokacin ne duniya za ta saurare shi. Wasu suka yi dariya, amma da yawanmu muka yi shiru, domin tunanin yana zukatanmu. Mu da muka fito daga kwalejin kimiyya da fasaha da difloma a hannu mun san yadda ake jin ƙasƙanci idan an zauna da masu "Dakta" a gaban sunansu.

Bari mu fara da lissafi. Wanda zai bi wannan hanya daga tushe yana buƙatar digiri na farko, shekara huɗu idan yajin aiki bai shiga tsakani ba, sai digiri na biyu, sannan digirgir ɗin da ba ya yin ƙasa da shekara uku. Kusan shekara goma ke nan. Abin da ake koya a ƙarshen tafiyar kuwa shi ne bincike da tarke: ka ɗauki marubuci ko wani zamani, ka karanta abin da masana suka faɗa, ka kawo naka sabon ra'ayi a kundi, ka kare shi a gaban malamai. Aiki ne mai daraja, kuma duk mai son koyarwa a jami'a har ya kai matakin farfesa ba shi da makawa sai ya bi ta nan. Sai dai babu inda kundin zai koya maka yadda za ka sa mai karatu ya kasa ajiye littafinka da daddare.

Mu dubi waɗanda ake rubuta kundayen a kansu. Chinua Achebe da digirin farko na Ibadan ya fitar da Things Fall Apart a 1958. Wole Soyinka ya karɓi kyautar Nobel a 1986 ba tare da ya zauna ya rubuta kundin digirgir ba. A gida, Abubakar Imam malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina lokacin da ya shiga gasar 1933 da Ruwan Bagaja. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, amma yau ana nazarin littattafanta a jami'o'i. Duk waɗannan rubutu suka fara yi, masu digiri suka biyo baya da nazari.

Kada a ɗauka muna kushe karatu ne. Labarin Hajiya Balaraba ma yana da ɗaya gefen. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito da Turanci a 2012, wani kamfanin ɗab'i na Indiya mai suna Blaft ya buga shi, kuma wanda ya fassara shi shi ne Aliyu Kamal, malamin Turanci a Jami'ar Bayero. Da babu mutumin da ya ƙware a harsunan biyu, da mai karatu a Indiya ko Ingila bai san da ita ba. To mu tambayi kanmu, cikin ɗimbin littattafan Hausa da aka buga tun daga shekarun 1980, nawa ne suka sami irin wannan gata? A nan ne muke buƙatar masu digirgir a Turanci, kuma muna buƙatarsu da yawa.

Tun 1968 Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a Nairobi suka rubuta takarda suna neman a rushe Sashen Turanci a kafa wanda zai sa adabin Afirka a tsakiya. Ngugi ya san adabin Turawa ciki da waje, duk da haka ya koma rubutu da harshensa na Gikuyu, har ya rubuta labari a kan takardar banɗaki yana tsare a kurkuku. Ilimin da ya samo a Turanci ya juyo da shi gida.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, wanda yake da hali da sha'awar bincike ya tafi, Allah Ya ba da sa'a. Amma ya tafi da Magana Jari Ce da In Da So Da Ƙauna a jakarsa, ya zaɓi batun da zai amfani adabinmu, ya dawo ya yi mana fassara da tarke na gaskiya. Wanda kuma burinsa ya rubuta labari ne kawai, kada ya jira takardar da ba ita ce ke yin rubutun ba. Ya karanta na Hausa da na Turanci gwargwadon abin da ya samu, ya ba 'yan uwa su duba masa, ya jure gyara.

Shi kuma ɗan uwanmu mai littafi a akwati, muna roƙonsa ya fito da babi na farko a zama mai zuwa mu ji. Allah Ya sa mu dace.