Lissafin Yiwuwa: Rigakafin Caca Yana Cikin Aji

A watan Oktoba na 2024 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta rufe shaguna 30 na cacar ƙwallo. Wannan aiki ya yi kyau, amma a sani kwaɗo ba ya rufe wayar hannu. Saurayin da aka kora daga shago yana iya zubar da kuɗinsa yana kwance a ɗakinsa a Jakara ko Yakasai. A ganina, bayan wa'azin malamai, babu makamin da ya kai wani ɗan babi da ke cikin littafin lissafi na ƙaramar sakandare, watau lissafin yiwuwa, muddin aka koyar da shi yadda ya kamata.

Yiwuwa iri biyu ce. Akwai ta ƙa'ida, wadda ake samu da tunani kawai: ƙwayar ludo fuska shida gare ta, duk daidai suke, saboda haka yiwuwar fitowar kowace ɗaya bisa shida ce, ta kwabo kuwa rabi. Akwai kuma ta gwaji, wadda sai an jefa, an ƙirga, sannan a raba yawan fitowar abin da yawan jifa. Inda muke kuskure shi ne mu bai wa yaro ta farko ya haddace, mu hana shi ta biyu.

Ga misali daga gida. Wuri, wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kasuwar Kurmi, kuma da shi ake caca a da, ba kamar kwabo yake ba. Bayansa tudu ne, cikinsa tsage, don haka babu mai iya zama ya ce rabi ne ya faɗi a kife, rabi rigingine. Sai an jefa shi sau ɗari, sau dubu, kafin a san halinsa. Aji mai yara 50, kowa ya jefa sau 20, an sami jifa 1,000 kafin a buga ƙararrawa. Nan yaro zai ga da idonsa cewa sakamakonsa shi kaɗai yana rawa, amma na aji gaba ɗaya yana natsuwa wuri guda.

Manyan masana ma ba su raina wannan wahala ba. Buffon, mutumin Faransa, ya jefa kwabo sau 4,040, fuska ɗaya ta fito sau 2,048. John Kerrich, yana tsare a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya jefa sau 10,000, ya sami 5,067. Ba su sami rabi cif ba, amma sun matso shi ƙwarai. Wannan ita ce dokar da aka buga a littafin Jacob Bernoulli a 1713: yawan gwaji shi ke kusanto da ƙa'ida.

To, yanzu mu auna ɗan caca da wannan mudu. Wasa guda hanya uku gare shi: ci, ko faɗuwa, ko kunnen doki. Wanda ya haɗa wasa 10 a takarda ɗaya yana canka da ka, yiwuwar cinsa ɗaya ce cikin 59,049. Ko da gwani ne mai dacewa da rabin abin da ya faɗa, ɗaya ce cikin 1,024, watau in kullum zai yanki takarda guda, a matsakaicin lissafi sai kusan shekara uku ya ci sau ɗaya. Kuma faɗuwar jiya ba ta kusanto da cin gobe, domin kwabo ba ya tuna yadda ya faɗi ɗazu. Yaron da ya ƙirga wannan da hannunsa da wuya mai shago ya yaudare shi da labarin wane ya ci miliyan.

Wasu iyaye za su ce ai wannan koya wa yara caca ne, ko kuwa shisshigi cikin gaibu. Damuwarsu abin girmamawa ce, amma ba haka al'amarin yake ba. Ɗan duba cewa yake ya san gobe. Mai lissafin yiwuwa kuwa auna iyakar rashin saninsa yake yi. Al-Kindi, masanin Bagadaza a ƙarni na 9, ƙirga yawan fitowar haruffan Larabci ya yi har ya gano hanyar warware rubutun sirri. Da irin wannan lissafi likita yake gwada magani, mai hasashen yanayi yake shawartar manomi.

Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu fita koyarwar gwaji da masu bautar ƙasa, da ku matasan ma'aikatan ilmi: ku shiga aji da wuri da ƙwayar ludo da marfin kwalba, ku yi bayani da Hausa, ku bar yara su jefa, su rubuta, su yi gardama. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace, amin.