Inda igiyar winci ke tsinkewa a lokacin dusar ƙanƙara

A ƙauyukan Minesota da Wiskonsin na Amurka, da lardunan Ontariyo da Kubek na Kanada, idan hunturu ya sauka, aikin farko na magidanci da asuba shi ne buɗe hanya daga ƙofar gidansa zuwa titi. Hukuma tana share manyan hanyoyi, amma abin da ke cikin harabar mutum nasa ne. Da yawa daga cikin masu filaye suna yin wannan aiki da babur mai ƙafa huɗu, wanda suke ɗaura wa garmar ƙarfe mai faɗi a gaba. Abin da ke ɗaga garmar yana sauke ta shi ne winci, wato ƙaramin injin lantarki mai kwarkwaro da ke naɗe igiyar ƙarfe. Kuma kusan kowace shekara kukan ɗaya ne: igiyar ta tsinke tun hunturu bai yi nisa ba, a wuri guda, kusa da ƙugiya.

Masu babur sukan ɗora laifin a kan ingancin igiya, su sayi wata, ita ma ta bi sahun 'yar'uwarta. Alhali matsalar tana cikin aikin da aka ɗora wa na'urar. An ƙera winci ne domin ya ciro babur daga laka ko rami: ja mai ƙarfi, a miƙe, jefi-jefi. Shi ya sa yake zuwa da igiya mai tsawon kimanin ƙafa 50, kaurinta kusan milimita 5, da ƙarfin jan da yakan kai kilo 1,100 ko fiye. Sharar dusar ƙanƙara kuwa tana buƙatar akasin haka. Garmar ba ta kai kilo 100 ba, amma ana ɗaga ta a sauke ta a ƙarshen kowane zuwa, sau bila adadin a safiya ɗaya. Taku ɗaya ko biyu na ƙarshen igiyar ne kaɗai ke aiki, sauran yana kwance a kan kwarkwaro. Ga shi kuma igiyar ba a miƙe take fita ba. Tana lanƙwasawa ne ƙasa a kan ƙaramar rolar da ke bakin wincin.

Wannan lanƙwasa ita ce ajalinta. Duk wanda ya taɓa karya waya da hannu ya san ba ja ake yi ba, lanƙwasa ta ake yi gaba da baya har ta gaji ta rabu. Injiniyan Jamus Wilhelm Albert, wanda ya ƙirƙiro igiyar ƙarfe a 1834 domin ma'adinan Clausthal, ya kai ga ƙirƙirar ne bayan ya lura da yadda sarƙoƙin ɗaga kaya ke karyewa saboda maimaita lanƙwasa. Tun daga nan ƙa'idar ta tabbata: gwargwadon ƙanƙantar abin da igiya ke kewayawa, gwargwadon gajartar rayuwarta. A ƙa'idar Turai ta lif ɗin benaye, sai faɗin tayar da igiya ke bi ya ninka kaurin igiyar aƙalla sau 40. Rolar bakin wincin babur ba ta ko kusa da wannan. A kan haka sai a ƙara gishirin da ake zubawa a tituna, wanda ke shiga tsakanin zaruruwan ƙarfen ya haifar da tsatsa daga ciki, inda ido ba ya gani.

Maganin da 'yan kasuwa suka fi tallatawa shi ne igiyar roba mai ƙarfi irin ta Dyneema. Tana da falala ta gaske: ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, tana jure lanƙwasa, kuma idan ta tsinke ba ta dukan mutum kamar bulala yadda ta ƙarfe ke yi. Sai dai wanda ya sa ta a kan tsohuwar rolar da igiyar ƙarfe ta riga ta kakkarce, ya miƙa ta ga zarto ne kawai. Tana bukatar baki mai santsi, sabuwar rola ko bakin alminiyum, kuma ko a hakan gugar wuri ɗaya tana cinye ta. Sayen ƙafa 50 na igiya mai tsada domin a lalata taku biyu nata almubazzaranci ne.

Hanyar da ta fi hankali, kuma ta fi araha, ita ce a raba aikin gida biyu. Da shigowar hunturu a warware doguwar igiyar gaba ɗaya, a adana ta, a ɗaura gajeriyar igiyar roba ta 'yan ƙafafu ko madauri mai faɗi irin na bel ɗin kujerar mota. Madaurin yana naɗewa a kan kansa shimfiɗe, ba ya harɗewa, kuma faɗinsa yana raba gugar a kan rola. Idan ya ƙare, abin da aka yi asara kaɗan ne. Kamfanoni irin su Warn suna sayar da bakin winci mai babbar rola a ƙasa musamman domin wannan aiki, wanda shi kansa amincewa ne da cewa bakin da winci ke zuwa da shi bai dace da garma ba. Wasu kuma sukan ɗaura fuli a kan garmar, igiyar ta zagaya ta ta komo jikin babur. Wannan yana raba nauyin biyu, yana rage saurin ɗagawa, ya baza gugar a kan igiya mafi tsawo, ko da yake fulin ma wata lanƙwasa ce idan ƙarama ce.

Saura halin hannun direba, kuma a nan ne ake yin ɓarna mafi muni. Idan garma ta tashi ta dunguri jikin babur amma yatsa bai saki maɓalli ba, dukkan ƙarfin injin yana sauka ne a kan wannan lanƙwasar da ta riga ta gaji. Idan kuma garmar ta taɓa ƙasa aka ci gaba da sakin igiya, naɗin kan kwarkwaro ya yi sako-sako, ja na gaba sai ya cusa zagaye ɗaya cikin wani ya murƙushe shi. Robar tsayarwa da ake sawa kusa da ƙugiya tana rage dukan, haka ma makunnin da ke yanke wuta idan garma ta kai iyakarta. Ɗan fenti a jikin madauri, daidai inda ya kamata a tsaya, shi ma yana yin aikin.

Dalilin da ya sa batun ya wuce na kuɗin igiya shi ne abin da ke biyo bayan hunturu. Zaruruwan da suka tsinke suna tsayawa kamar ƙaya, su huda safar hannu su shiga nama. Mafi haɗari kuma, igiyar da ta sha wahalar garma wata uku ita ce dai za a ɗaure wa bishiya idan ƙanƙara ta narke babur ya nutse a laka nesa da gida, a nemi ta ja nauyin da ya ninka na garma sau da yawa, mutum yana tsaye kusa da ita. Wanda ya riga ya yi hunturu da doguwar igiyarsa, abin da ya rage masa shi ne ya yanke ɓangaren da ya gaji, ya sake haɗa ƙugiyar yadda ya kamata kafin ya fita daji.