Adabinmu na Bukatar Mai Tambayar Sanadin Mutuwa

Ranar 5 ga Mayu 1898 aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa da tafintansa Olive a birnin Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Dalilin da aka fi ambata shi ne zargin cewa baƙon yana kan hanyar ƙulla ƙawance da Rabe, wanda a lokacin ya mallake Barno. A shekarar da ta biyo aka yi karon Tirmini, ƙasar ta faɗa hannun Nasara. Marigayi André Salifou ya rubuta tarihin wannan daula a 1971, amma tambayoyin da mai ƙagaggen labari zai yi suna nan suna jira: wa ya kai maganar fada, da wane harshe aka yi ta, kuma me ya sauya a bakin mai fassara?

A wasu ƙasashe akwai reshen adabi sukutum da ya kafu kan irin waɗannan tambayoyi, wato labarin jami'in da ke bin diddigin mutuwa mai alamar tuhuma. Ingilishi na kiransa coroner, muƙamin da aka kafa a Ingila tun 1194. Bernard Knight, likitan binciken gawa, ya gina jerin littattafansa kan irin wannan jami'i na wancan zamani. A Mali ma Moussa Konaté ya ƙago kwamishinan ƴan sanda Habib, sai dai da Faransanci ya rubuta. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a rubuta irin wannan labari da Hausa, a kafa shi a Birni da Zango, kuma ɗaliban kimiyyar harshe ne suka fi cancantar ɗaukar alƙalamin.

Ba sai mun aro coroner ba, domin Nijar ba ta da shi. Tsarin shari'ar da muka gada daga Faransa ya raba aikin tsakanin mai gabatar da ƙara, alƙalin bincike, jandarma da likita. Sai dai kafin gawa ta kai ga ɗayansu, akwai wanda ya riga su ganinta: mai wanka. Tsohuwar da ta shekara talatin tana wanke mata ta san bambancin tabon faɗuwa da na duka. Idan muka haɗa ta da tafintan kotu, mun sami masu bincike biyu da babu marubucin Landan da zai iya ƙago su.

Tafintan ne ya sa na ce aikin namu ne. A ce shaida ta faɗa cewa "an jefe shi". Da dutse ne, ko da asiri? Kalmar "sammu" ta fito daga Larabci, inda asalinta ke nufin guba, amma a bakin Bahaushe ta fi karkata ga sihiri. "An ba shi magani" na iya zama jinya, na iya zama kisa. Ga kuma lamirin nan "an", wanda ke bayyana aiki ya sakaya mai aikatawa. Duk wanda tafinta ya zaɓa ya juya zuwa Faransanci, shi za a rubuta, kuma a kansa za a yanke wa mutum hukunci. Wannan ba tatsuniya ba ce. An rataye Timothy Evans a Ingila a 1950, aka yi masa afuwa a 1966 yana kabari, sannan a 1968 masanin harshe Jan Svartvik ya nuna cewa salon sassan bayanan da aka ce nasa ne bai zo ɗaya ba.

Za a ce tono sanadin mutuwa jayayya ce da ƙaddara, tunda al'adarmu ita ce a gaggauta sutura a ce kwana ya ƙare. Wannan magana tana da nauyi, kuma marubucin da ya raina ta ba zai sami mai karatu ba. Amma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu bai rufe ƙofar tambaya ba. Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo hukuncin ƙasama, wato rantsuwa hamsin ta magadan jini, kuma furucin wanda ya nuna makashinsa kafin ya cika yana cikin abubuwan da ke buɗe ta. Ashe tun da daɗewa malamanmu sun san cewa jimla guda a bakin mai gargara tana iya zama hujja. Yarda da ajali daban, yafe wa azzalumi daban.

A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da ke son shiga kotu da asibiti dole ya iya faɗin zurfin rauni da lokacin da rai ya fita ba tare da harshen damo ba. Kwamitin ƙirƙirar kalmomi na iya tsara jeri, amma labarin da ya hana mutum barci shi ke sa kalma ta zauna a baki. Saboda haka mu fita da littafin rubutu, mu zauna da masu wanka, da ma'aikatan jinya, da tsofaffin tafintoci, mu tattara kalmominsu tun suna raye. Daga nan sai a fara babi na ɗaya.