Wa ke yanka farashin harsashi a Amurka?

Ranar 3 ga Satumba 2019, shugaban kamfanin Walmart, Doug McMillon, ya rubuta wa ma'aikatansa takarda yana sanar da su cewa kantunan kamfanin za su daina sayar da harsashin ƙananan bindigogi, da kuma harsasai irin su .223 da 5.56 waɗanda ake ɗura wa bindigogi samfurin AR-15. Wata guda kafin wannan rana, wani matashi ya shiga kantin Walmart da ke El Paso a jihar Teksas ya buɗe wuta, harin da ya ci rayuka 23. Kwanaki kaɗan kafin El Paso kuma, wani ma'aikacin kamfanin ya harbe abokan aikinsa biyu a Southaven da ke jihar Misisifi. Jini ya zuba a cikin kantin kansa, don haka shiru ya daina zama mafita.

Abin da ya fi jan hankali a takardar shi ne lissafin da McMillon ya bayar. Ya ce kason Walmart a cinikin bindigogi a Amurka bai wuce kashi 2 cikin ɗari ba, amma a cinikin harsashi ya kai kusan kashi 20, kuma sabon matakin zai mayar da shi tsakanin kashi 6 zuwa 9. Wato cikin kowane harsashi biyar da farar hula ya saya, ɗaya daga Walmart ya fito. Ɓangarori biyu suka ɗauki wannan adadi, kowa ya gina hasashensa a kai. Masu fafutukar taƙaita bindiga suka yi murna, suna ganin an toshe babbar kafa. Ƙungiyar NRA ta masu kare haƙƙin mallakar bindiga ta zargi kamfanin da miƙa wuya, masu bindiga da yawa kuwa suka shiga fargabar cewa harsashi zai yi tsada ya kuma yi wuyar samu. Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa duka ɓangarorin sun ba kanti ƙarfin da ba shi da shi. Harsashi ya yi tsada ƙwarai, ya kuma ɓace daga kantuna na tsawon lokaci, sai dai ba ficewar Walmart ce ta jawo ba.

Walmart ba shi ne na farko ba. Kmart ya daina sayar da harsashin ƙananan bindigogi tun 2001. Bayan kisan mutum 17 a makarantar sakandare ta Parkland a jihar Fulorida cikin Fabrairun 2018, kamfanin Dick's Sporting Goods ya janye bindigogi masu kama da na yaƙi da manyan gidajen harsashi daga kantunansa, ya kuma ƙi sayar wa duk wanda bai kai shekara 21 ba. Shugabansa na lokacin, Ed Stack, ya gano cewa maharin ya taɓa sayen wata bindigar farauta a ɗaya daga cikin kantunansu, ko da yake ba da ita ya kai harin ba. Maimakon mayar da kayan ga masana'antu, Stack ya sa aka lalata bindigogi na kimanin dala miliyan 5. A 2019 kamfanin ya cire sashen farauta daga kantuna 125, a 2020 ya sanar da ƙarin 440. Kantunan Fred Meyer, mallakar Kroger, su ma sun fita daga harkar a 2018.

Adalci ne a faɗi cewa akwai tausayi na gaskiya a waɗannan matakai, adalci ne kuma a faɗi cewa akwai lissafin ɗan kasuwa. Stack da kansa ya ce matakin farko ya jawo wa kamfaninsa asarar ciniki na kusan dala miliyan 250. Amma bindiga kaya ce mai ƙarancin riba da yawan takardu, kuma a lokacin kasuwarta ta faɗi: bayan Donald Trump ya ci zaɓen 2016, tsoron cewa gwamnati za ta hana saye ya gushe, ciniki ya ja baya, kamfanin Gander Mountain ya durƙushe a 2017, Remington ya bi sahu a 2018. Dick's ya cika gurbin bindigogi da takalma da kayan wasanni, ya kuma ga ribarsa ta ƙaru. Ba abin kunya ba ne kyakkyawar niyya ta dace da aljihu, amma yana rage yawan yabon da ya cancanta.

To me ya faru da farashi? A watannin ƙarshe na 2019, bayan sanarwar Walmart, kwalin harsashi 50 na 9mm, wanda shi ne ma'aunin da ake duba kasuwar da shi, yana nan a kusan dala 10. Masana'antu na da kaya jibge, kantuna irin su Academy da Bass Pro da dillalan intanet kuma suka shanye kwastomomin da Walmart ya saki. Sai shekarar 2020 ta zo da annobar korona a watan Maris, da zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a ƙarshen Mayu, da zaɓe mai zafi a Nuwamba. Hukumar FBI ta gudanar da binciken cancantar mallakar bindiga sau miliyan 39.7 a wannan shekara, adadin da ba a taɓa gani ba. Ƙungiyar masana'antar, NSSF, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 8.4 sun sayi bindiga karon farko a rayuwarsu. Idan kowannensu ya nemi kwali biyu kacal, ana maganar harsashi sama da miliyan 800 ke nan da babu masana'antar da ta tanada. Kafin ƙarshen shekara, kwalin dala 10 ya haura dala 30 a wurare da dama, in ma an same shi.

A daidai wannan lokaci Remington ya sake durƙushewa a Yulin 2020, masana'antarsa ta harsashi da ke Lonoke a jihar Akansas ta koma aiki sama-sama, har sai da kamfanin Vista Outdoor ya saye ta kan dala miliyan 81.4 ya farfaɗo da ita.

A nan ne asalin maganar take, domin harsashi ba kamar sabulu ba ne da kowane ɗan jari-hujja zai kafa injinsa cikin wata shida. Abu huɗu ke haɗuwa su ba da shi: kwanso na tagulla, kan harsashi na dalma da aka lulluɓe da jan ƙarfe, albarushi, da wani ɗan ƙaramin abu a gindin kwanson wanda allurar bindiga ke bugawa ya tayar da wuta, a kira shi ƙyastun harsashi. Wannan ƙyastu shi ne maƙogwaron masana'antar baki ɗaya. Sinadarinsa na fashewa da ɗan bugu kaɗan, ana sarrafa shi a jiƙe saboda haɗari, kuma kafa masana'antarsa na buƙatar izini da fili da ƙwararru da shekaru. Manyan masu yin sa a Amurka huɗu ne: Federal, CCI, Remington da Winchester. Bayan cinikin 2020, uku na farko sun koma hannun kamfani ɗaya. Na huɗun mallakar Olin ne, wanda tun Oktoban 2020 yake tafiyar da masana'antar harsashi ta sojojin Amurka da ke Lake City a jihar Mizuri, inda yake da damar sayar wa farar hula rarar abin da ya ƙera. Kasuwar da ake yi wa kallon mai dubban shaguna, idan aka bi ta zuwa tushe, kamfanoni biyu ne ke riƙe da mabuɗinta.

Su kuwa waɗannan kamfanoni ba sa gaggawar faɗaɗa masana'anta, kuma suna da hujja. Sun ga yadda buƙata ta hau bayan zaɓen Barack Obama a 2008, ta sake hawa bayan kisan yara a makarantar Sandy Hook a Disambar 2012, sannan ta rushe a 2017 ta bar su da kaya a sito. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sun gwammace su ƙara sa'o'in aiki su kuma ƙara farashi, da su zuba ɗaruruwan miliyoyi a ginin da zai zama kufai idan tsoro ya lafa.

Ƙarancin da ya biyo bayan Sandy Hook ya isa hujja a kan masu ɗora wa kantuna laifi, domin a lokacin Walmart na cikin kasuwar dumu-dumu. Duk da haka harsashin .22, mafi arha kuma mafi yawan amfani wajen koyon harbi da farautar ƙananan dabbobi, ya ɓace na shekaru. A Janairun 2013 Walmart ya ƙayyade kwali uku ga kowane mutum a rana. Mutane suka riƙa sammako suna jiran motar kaya, su kwashe abin da aka sauke, su je su sayar da shi ninki biyu ko uku a kasuwannin baje kolin bindigogi. Duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai yana kallon 'yan bumburutu da jarkokinsu a bakin titi ya san wannan hali: da zarar an ji ƙishin-ƙishin ƙaranci, mai buƙatar lita goma sai ya nemi hamsin, kuma wannan neman shi ke haifar da ƙarancin da ake tsoro. Bambancin kawai shi ne harsashi ba ya lalacewa da wuri. Yana iya shekara da shekaru a akwati, don haka babu abin da ke tsawata wa mai ɓoyo.

Daga waje ma an ƙara matse kasuwar. A Agustan 2021 gwamnatin Joe Biden ta dakatar da ba da sabon izinin shigo da harsashi daga Rasha, a matsayin takunkumi kan gubar da aka sa wa Alexei Navalny, alhali harsasan Rasha masu kwanson ƙarfe su ne mafiya arha a kasuwa. Yaƙin Yukren daga 2022 ya sa masu ƙera harsasan atilare suna gogayya da masu ƙera na farar hula a kan sinadarin da ake yin albarushi da shi. A ƙarshen 2024 kuma sashen harsashi na Vista, wato Federal da CCI da Speer da Remington, ya koma hannun kamfanin Czechoslovak Group na Jamhuriyar Cek kan sama da dala biliyan 2. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya ratsa ta kan teburin wani kanti.

Wannan ba ya nufin ficewar manyan kantuna ta tashi a banza. Walmart na alfahari da cewa kashi 90 cikin ɗari na Amurkawa na zaune ne cikin tazarar mil 10 daga kantinsa, kuma saboda yawan abin da yake saro wa, farashinsa ne ya zama mizanin da ƙananan shaguna ba sa iya wucewa da nisa. Da ya janye daga harsashin ƙananan bindigogi, wannan mizani ya tafi. Mutumin ƙauye mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke sayen kwali ɗaya tare da cefanen gida, shi ne ya ji a jikinsa: ko ya yi doguwar tafiya zuwa shagon bindiga, ko ya biya kuɗin aike. Mai hali kuwa ya koma intanet yana sayen dubu a lokaci guda, a farashin da ya fi na kanti sauƙi. Ciniki bai ragu ba, ƙaura ya yi daga wurin da mai saye ke tsayawa gaban ma'aikaci da na'urar ɗaukar hoto zuwa wurin da, a yawancin jihohi, danna akwatin “na kai shekaru” ya wadatar. Maharin gidan silima na Aurora a 2012 ta intanet ya tara harsashi sama da 6,000.

Ga masu fatan cewa tsada za ta rage kisa, alƙaluma ba su yi musu daɗi ba. A 2019, lokacin arha, mutum 39,707 ne suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka. A 2021, lokacin da farashi ke sama kantuna kuma babu kaya, adadin ya kai 48,830, fiye da rabi kuma mutanen da suka kashe kansu ne. Dalilin a fili yake. Mafi yawan harsashin da ake saya yana ƙarewa ne a filin koyon harbi da dajin farauta. Mai mugun nufi ba ya buƙatar fiye da abin da zai cika tafin hannu, kuma ƙarin dala 20 ba zai sa ya fasa ba. Tsada ta fi cin mai atisaye, ta bar ƙasar da miliyoyin sababbin masu bindiga da ba su samu harsashin koyon riƙe ta ba.

Tunanin cewa a kama harsashi maimakon bindiga ba wauta ba ne. Sanata Daniel Patrick Moynihan ya kawo shi a 1993, yana mai cewa bindigogin da ke hannun jama'a za su ɗauki ƙarni suna aiki, amma harsashin da ke ƙasa na 'yan shekaru ne, ya kuma nemi a lafta masa haraji mai nauyi. Da bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula, bisa ƙiyasin cibiyar Small Arms Survey na 2017, hujjarsa ta ƙara ƙarfi. Sai dai abin da yake magana a kai doka ce da ta hau kan kowa, ba shawarar shugaban kamfani da abokin gogayyarsa zai yi watsi da ita gobe ba. Amurka ta taɓa samun irin wannan doka: ta 1968 ta wajabta wa masu sayar da harsashi lasisi da ajiye sunayen masu saye, ta kuma hana aika shi ta gidan waya tsakanin jihohi. Majalisa ta soke mafi yawan waɗannan sharuɗɗa a 1986. Tun daga nan dokar tarayya ba ta bukatar a binciki mai sayen harsashi kamar yadda ake binciken mai sayen bindiga a shago.

Jihohi kaɗan ne suka cike gurbin. Kalifoniya ta fara binciken masu sayen harsashi a Yulin 2019, New York ta bi baya a Satumban 2023. Dokar Kalifoniya ta sha fama a kotu: alƙalin tarayya Roger Benitez ya soke ta a Janairun 2024, kuma a Yulin 2025 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka goyi bayansa, bisa ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Bruen ta 2022. A sauran wurare kuwa kasuwa ce ke ci gaba da neman hanyarta. Walmart na nan yana sayar da bindigogin farauta da harsasansu a wasu daga cikin kantunansa. Zuwa 2024 wani kamfani mai suna American Rounds ya girke na'urorin sayar da harsashi a shagunan kayan abinci a jihohin Alabama da Oklahoma da Teksas, inda na'urar ke duba katin shaida, ta gwada shi da fuskar mai saye, ta karɓi kuɗi, ta sako kwali.