Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ya Kamata Mu Karanta Gwajin Ɗanyen Mai

Duk lokacin da aka tayar da zancen man fetur a Arewa, hujja guda ake fara kawowa: Nijar na haƙo mai a Agadem, har ta buɗe matatar Zinder a 2011, Chadi na fitar da na Doba tun 2003, saboda haka Borno ma ba za ta rasa ba. Masana suna da hanyar auna wannan zato, wato gwada sinadaran ɗanyen mai da na dutsen da ake kyautata zaton shi ya haife shi. Hanyar ingantacciya ce, sai dai ana ɗora mata kayan da ba nata ba.

Asalin ɗanyen mai gawarwakin ƙananan halittu da tsirrai ne da laka ta binne, zafin ƙasa ya dafa su tsawon miliyoyin shekaru. Wasu ƙwayoyin sinadari na waɗannan halittu ba sa rasa siffarsu, sai suka zama kamar tsagar gado da ake gane dangi da ita. Waɗanda ake kira siteren suna nuna ko man ya fito daga gansakukar teku ne ko daga tsirran tudu. Gwada yawan firistan da faitan kuma yana nuna ko lakar ta kwanta cikin ruwa mai wadatar iskar shaƙa ko marar ita. Idan alamomin mai da na dutse suka dace, sai a ce akwai dangantaka.

A nan ake zamewa. Da fari, tsagar kan sauya. Zafi mai tsanani yana goge ta, ƙwayoyin bakteriya kuma suna cinye sassan man da ya taru kusa da doron ƙasa, har wa da ƙane su zama kamar bare. Haka nan bare kan yi kama. Kimanin shekara miliyan 90 da suka wuce, teku ya ratsa Sahara ya bi ta kwarin Binuwai, don haka ba abin mamaki ba ne dutsen lakar Fika ya yi kama da na Termit a Nijar, inda Agadem yake. Ruwa ɗaya ne ya shimfiɗa su.

Na biyu, dangantaka ba ta faɗin yawa. Sai dutsen ya dahu daidai, galibi tsakanin digiri 60 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas. Sai man ya sami dutse mai ƙofofi da zai zauna, da murfin da zai hana shi tsiyayewa, kuma tarkon ya riga man zuwa. Kamfanin NNPC ya haƙa rijiyoyi 23 a ɓangaren Najeriya na kwarin Chadi, bai sami abin da ya isa kasuwa ba, alhali maƙwabtakar tana nan. A Kolmani ma, tsakanin Bauchi da Gombe, Shell ya tarar da iskar gas a 1999 ya bar wurin. Da aka sanar da samun mai a 2019, aka kuma ambaci ganga fiye da biliyan ɗaya a 2022, ba gwajin sinadari ne zai tabbatar da wannan adadi ba. Aikin ƙarin rijiyoyi ne da auna yadda man ke kwarara.

Wannan ya shafi aljihun kowa, domin dokar man fetur ta 2021 ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar NNPC don neman mai a sababbin yankuna. Ya kamata a riƙa buga sakamakon gwaje-gwajen nan a fili, wanda ya dace da wanda bai dace ba, jami'o'inmu su sake aunawa. Rashin dacewa ma riba ce, tunda yana hana a binne dukiya a busasshiyar rijiya. Idan kuma wani jami'i ya ce manmu irin na Agadem ne, a tambaye shi: samfuri nawa aka gwada, daga wane zurfi, kuma ganga nawa rijiyar ta bayar a yini?