Launin Fatar Ɗan Wasa Da Amanar Tarihi

Ranar 10 ga watan Mayu na 1923 ba a san talabijin a gidan kowa ba. Shekara ɗari daidai bayan haka, ranar 10 ga Mayu 2023, aka fito da wani shirin talabijin mai kashi huɗu wanda ya sa gwamnatin ƙasa guda ta fito fili tana kare tarihinta. Kamfanin Netflix na Amurka shi ya shirya shi a kan Sarauniya Kiliyobatra ta Masar, ya kuwa ba wata 'yar wasa Ba'ingiliya mai jinin baƙar fata, Adele James, matsayin sarauniyar. Tun kafin shirin ya fito, tallarsa kaɗai ta ta da ƙura. Ma'aikatar yawon buɗe ido da kayayyakin tarihi ta Masar ta ba da sanarwa cewa sarauniyar farar mace ce mai siffar Girkawa. Mustafa Waziri, wanda a lokacin shi ne babban sakataren majalisar kula da kayayyakin tarihi, ya kira shirin jirkita tarihin Masar, wani lauya kuma ya kai ƙara yana neman a toshe kamfanin a ƙasar baki ɗaya.

Wannan gardama ba a kan Kiliyobatra ta fara ba. A watan Disamba 1920 babu wanda zai yi mafarkinta, amma a Disamba 2020 kamfanin nan dai ya fito da wasan Bridgerton, inda aka nuna baƙaƙen fata a matsayin sarakai da attajiran birnin Landan na farkon ƙarni na 19. A watan Yuni 2021 kuma tashar Channel 5 ta Ingila ta sa Jodie Turner-Smith, baƙar fata, ta fito a matsayin Anne Boleyn, matar Sarki Henry na Takwas ta biyu, wadda aka sare wa kai a 1536. Kowane lokaci mutane kashi biyu suke rabuwa. Waɗansu su ce an ci amanar tarihi, waɗansu su ce lokaci ya yi da kowane jinsi zai ga kansa a akwatin talabijin. Kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya, amma dukansu suna cuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, watau wasan kwaikwayo da shirin koyar da tarihi.

Masu kukan an ɓata tarihi ya kamata a tuna musu cewa laifi tudu ne. A 1956 John Wayne, Ba'amurke fari sol, shi ya fito a matsayin Jankiz Khan sarkin Mongolawa. A 1962 Alec Guinness, Bature ɗan Ingila, shi ne Yarima Faisal na Larabawa a fim ɗin Lawrence of Arabia. A 1965 Laurence Olivier ya shafa baƙin fenti ya zama Othello, shekara ta zagayo ya sāke shafawa ya zama Muhammadu Ahmad Mahadin Sudan a fim ɗin Khartoum, inda har aka nuna Mahadi suna ganawa ido da ido da Janar Gordon, alhali kuwa wasiƙu kaɗai suka taɓa shiga tsakaninsu kafin birnin ya faɗi a 1885. Gidan talabijin na BBC kuwa shekara ashirin ya yi, daga 1958 zuwa 1978, yana nuna wani shirin waƙe-waƙe da Turawa ke shafa baƙi suna kwaikwayon baƙar fata, duk da takardar koke da aka kai masa tun 1967. A duk tsawon wannan zamani ba a ji muryar masu kishin tarihi ta yi ƙarfi ba. Wanda ya yi shiru a wancan lokaci, sa'an nan ya zabura yau don an ba baƙar fata rawani, tilas a yi shakkar ko tarihi ne ya dame shi.

Bugu da ƙari, tarihin da suke cewa suna karewa bai kai yadda suke zato fari ba. A wani dogon zane na bikin wasan dawaki da aka yi a Westminster a 1511, akwai hoton wani baƙin mutum mai busa ƙaho, John Blanke, wanda sunansa ke cikin littafin albashin fādar Henry na Bakwai da na Takwas. Septimius Severus, sarkin Rumawa da ya mutu a birnin York na Ingila a shekara ta 211, haifaffen ƙasar Libya ne ta yau. Saboda haka mai shirya wasa da ya sa baƙin mutum a titin Landan na shekaru ɗari biyar da suka wuce yana da hujja a hannunsa.

Har ila yau, sanin kowa ne cewa wasan kwaikwayo sunansa kwaikwayo. Ɗan kasuwa yana fitowa a matsayin alkali, matalauci ya hau karagar sarauta, ba wanda ya ruɗe. Masu wasan Bridgerton daga littattafan soyayya na Julia Quinn suka ɗauko labarinsu, kuma da suka yi wani reshe nasa a kan Sarauniya Charlotte a 2023, sun rubuta tun farko cewa ƙagaggen labari ne, kada a ɗauke shi darasin tarihi. Wanda ya yi wannan ya fita hakkin mai kallo. Haka nan ba wanda zai kalli wasan Anne Boleyn ya tashi da imanin cewa uwar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya baƙa ce, domin hotunan zuriyar da takardunta sun cika gidajen tarihin Ingila. Ana iya cewa wasan bai yi armashi ba, wannan hakkin mai kallo ne, amma ba a yaudari kowa ba.

To, amma fa shirin Kiliyobatra ba a wannan sahu yake ba. An gabatar da shi ne a matsayin shirin bayanin tarihi, cikin jerin shirye-shiryen sarauniyoyin Afirka da Jada Pinkett Smith ta ɗauki nauyi, ana nuna wasa ana katsewa a sako malaman jami'a suna sharhi. A cikin tallarsa ma an ji wata malama tana ba da labarin kakarta da ta ce mata ko me aka koya mata a makaranta, Kiliyobatra baƙa ce. Idan aka zaunar da malami gaban kyamara, an yi wa mai kallo alkawari ke nan cewa abin da zai ji shi ne abin da bincike ya tabbatar.

Abin da bincike ya tabbatar kuwa ba boyayye ba ne. Iskandar sarkin Makidoniya ya ci Masar a shekara ta 332 kafin Miladiyya. Bayan mutuwarsa wani jarumin yaƙinsa, Batalimus, ya riƙe ƙasar, zuriyarsa suka yi mulki kusan shekara ɗari uku daga birnin Iskandariya, suna magana da Girkanci, galibi suna aure tsakanin wa da ƙanwa don kada sarauta ta fita gida. Kiliyobatra ita ce ta ƙarshensu. An haife ta a shekara ta 69 kafin Miladiyya, ta hau mulki a ta 51, ta mutu a ta 30. Kuɗaɗen da aka buga da hotonta tun tana raye suna nan, suna nuna mace mai dogon hanci da ɗaurin kai irin na sarakunan Girkawa. Iyakar gurbin da ya rage shi ne ba a tabbatar da wace ce mahaifiyarta ba, haka ma kakarta ta wajen uba. Wannan gurbi ya isa malami ya ce mai yiwuwa tana da jinin Misirawa. Bai isa a gina shiri guda a kansa ba, a kuma miƙa wa ɗalibai shi a matsayin abin da aka sani.

Wannan bai wanke duk abin da aka yi a Masar ba. Zagin wariyar launin fata da aka yi ta aika wa Adele James abin kunya ne, domin aiki aka ba ta ta yi. Neman a toshe kamfani saboda shiri guda shi ma ya wuce gona da iri. Waɗanda suka yi daidai su ne masu tashar shirye-shiryen tarihi ta ƙasar da suka ce za su shirya nasu. Amsar shiri shiri ne.

Babban abin takaici shi ne masu neman ɗaukaka baƙar fata sun tsallake abin da suke nema yana kusa da su. Kudu da Masar, a ƙasar Sudan ta yau, akwai daular Kush, wadda sarakunanta irin su Piye da Taharqa suka mulki Masar kanta kusan shekara ɗari. Shekaru kaɗan bayan mutuwar Kiliyobatra, sarauniyar Kush mai suna Amanirenas ta yaƙi Rumawan nan da suka ci Masar. Mayaƙanta suka faɗa wa Aswan, suka cire kan gunkin tagulla na Sarki Augustus suka tafi da shi Meroe, suka binne shi ƙarƙashin matakalar wani ɗakin ibada don a riƙa taka shi. Yaƙin ya ƙare da sulhu, Rumawa suka yafe harajin da suka ɗora. A 1910 aka tono kan nan, yana gidan tarihin Birtaniya a Landan har yau. Ga sarauniya baƙa, ga yaƙi, ga shaida a hannu, amma aka bar ta aka tafi neman suna a gidan Batalimus, don kawai sunan Kiliyobatra ya fi saye a kasuwa. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Wanda ya yi wa sarauniyar wasu fenti ya amince ke nan, ko bai faɗa ba, cewa nasa sarakunan ba su isa a kalla ba.

Maganar ta shafi ƙasar nan kai tsaye, domin kamfanin nan guda ya riga ya taɓa tarihin Hausa. A watan Nuwamba 2021 ya fara nuna fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, inda Lucy Ameh ta fito a matsayin Sarauniya Amina ta Zazzau, aka yi yawancin maganar da Ingilishi, masu kallo da dama a Arewa kuma suka yi ƙorafi a kan harshe da sutura. Fim ne na nishaɗi, yana da 'yancin da kowane wasa ke da shi, kuma asalin 'yar wasar ba abin tuhuma ba ne in ta iya aikinta. Sai dai Amina ma, kamar Kiliyobatra, akwai gurbi a labarinta. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda cikin ƙarni na 15, ruwayoyin Zazzau kuwa sun sa ta a ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku, Sultan Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta cikin Infaƙul Maisuri. Duk ranar da wani zai shirya shirin bayanin tarihi a kanta, wajibi ne ya faɗi wannan saɓani, ya bambanta abin da aka rubuta da abin da aka ji a baki da abin da shi ya ƙaga.

Haɗarin ya fi girma ga matasa. An cire darasin tarihi a matsayin fanni mai zaman kansa daga makarantun firamare da ƙananan sakandare na Nijeriya wajen 2009, sai a 2022 Gwamnatin Tarayya ta yi bikin maido shi. Ke nan akwai tsara guda da ta tashi ba ta da ma'aunin da za ta auna abin da ta gani a waya ko a talabijin. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma hoto guda mai motsi yana iya rushe abin da malami ya yi zango guda yana ginawa.

Saboda haka akwai aiki a gaban hukuma. Ya kamata hukumomin da ke tace fina-finai da masu kula da gidajen talabijin su wajabta wa kowane shiri da ya taɓa tarihi ya bayyana a farkonsa ko ƙage ne ko bayani ne, wanda ya ce bayani ne kuma ya ambaci masanan da suka duba shi. Ba a bukatar hana kowa yin wasansa. Na biyu, ma'aikatun al'adu da na watsa labarai su haɗa masu shirya fina-finai da Gidan Arewa da ke Kaduna, da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da sassan tarihi na jami'o'i, su kuma ware kuɗi na gaske don wannan aiki. An taɓa yi an gani. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim da harshen Hausa, aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018, shekara arba'in da biyu bayan yinsa.

Ɗalibai kuma, musamman masu karatun tarihi da harsuna da aikin jarida, su saba da tambayar kowane shiri: wa ya yi shi, don wa aka yi shi, mece ce hujjarsa? Labarin Amina da na Sarki Muhammadu Rumfa da na Nana Asma'u da na Mai Idris Alooma na Borno duk suna jiran mai ɗauka. In masu su ba su ɗauka ba, wani zai ɗauka daga nesa, ya zaɓi fuskar da harshen da za su fi kawo masa riba, sa'an nan ya sayar wa jikokin masu labarin.