INA 'YA'YAN TANTABARA SU KE ƁUYA?

Wannan mako za mu dubi wata tambaya wadda yara su kan yi wa malamansu, malamai kuwa sau da yawa su kan kawar da zancen. Ga tantabaru birjik a kasuwa da bakin masallaci da tashar jirgi, amma kowace ka duba babba ce. Kaza na yawo da 'yan tsaki a bayanta, agwagwa ma haka. To, ina tantabara ta ke kai nata 'ya'yan?

Amsar ta faro daga asalinta. Tantabarar gida da ta birni duk zuriyar wata tantabarar daji ce mai zama a duwatsu da kogunan gaɓar teku a Turai da Afirka ta Arewa da yammacin Asiya. Wani masani na Ingila, Charles Darwin, ya yi kiwonsu, ya kuma bayyana a littafinsa na 1859 cewa duk irin tantabarun da mutane ke kiwo daga wannan guda su ka fito. Halin kakanni kuwa bai bar ta ba. Ba ta son sheƙa a reshe inda ido ke kaiwa, sai ramin katanga mai tsawo, ko ƙarƙashin rufin kwano, ko gada, ko tukunyar da mai kiwo ya kafa mata. A wurinta dogon gini dutse ne.

Sa'an nan ku dubi lissafinta. Kaza ta kan kwanta kan ƙwai goma ko fiye, bayan kwana 21 'yan tsaki su fito da idonsu buɗe, su bi uwa su yi tsince-tsince. Shirwa ta ɗauki wani, muzuru ya ɗauki wani, duk da haka a sami saura. Tantabara kuwa ƙwai biyu ta kan yi, wanda ke da biyu rak ba shi da na yarwa. Kwana 18 ko kusa da haka su ke kwanci, namiji da rana, mace daga yamma har safiya. In ɗan shila ya fito, ido rufe ya ke, ba gashi sai ɗan rawaya-rawaya jefi-jefi, ko tsayuwa ba ya iyawa. Irin wannan in ya faɗo ƙasa, kafin azahar hankaka ko kyanwa sun gama da shi.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne abincinsa. A wuyan tantabara akwai wata 'yar jaka inda hatsi kan tsaya kafin ya wuce ciki. In ƙyanƙyasa ta kusa, sai fatar cikin jakar nan ta yi kauri, ta riƙa fid da wani abu fari-fari mai kama da cuku, mai maiƙo da ƙarfin gina jiki. Turawa su kan kira shi nonon tantabara. Uwa na yinsa, uba ma na yinsa. Ɗan shila ya kan cusa bakinsa cikin na iyayensa ya sha. A kwanakin farko ba ya cin kome sai wannan, daga baya su riƙa gauraya masa da hatsin da ya jiƙa, har ya koma hatsi zalla. A 1933 wani masani na Amurka, Oscar Riddle, da abokan aikinsa su ka ware sinadarin jiki da ke jawo wannan nono, su ka kira shi furolaktin, shi ne kuma ke kawo ruwan nono ga mace da saniya. Ikon Allah ke nan.

Tun da abinci na iske shi har gida, ba abin da zai fid da shi waje. Ya kan zauna cikin sheƙa wajen kwana 30, yana ci yana girma, har gashinsa ya cika, jikinsa ya kusa na uwarsa. Ran da ya sauko cikin 'yan'uwa, sai mai wucewa ya ɗauka tsohuwar tantabara ce. Ashe muna ganinsu kullum, ganewa ce ba mu yi.

Ga alamun da za ku duba. Idon babba ja ne ko ruwan goro, na yaro duhu-duhu. A gindin bakin babba akwai wani tudu fari kamar an shafa alli, na yaro bai yi fari ba tukuna. Wuyan babba na ƙyalli kore da shunayya, na yaro ba ƙyalli. Wani lokaci za ka ga sauran zaren rawaya a kansa, ko ka ji yana kukan tsiwa-tsiwa yana kaɗa fiffike bayan babba don roƙon abinci.

Masu kiwo a garuruwanmu za su yi dariyar wannan tambaya, gama su sun san 'yan shila sarai, har farfesunsu a kan yi wa mai jinya. Sun fi mu sani ne don sun leƙa tukunya, mu kuwa mun tsaya a ƙasa muna tsammani. Gani ya kori ji.

Saura gargaɗi ga yara, ina roƙon malamai su isar. Kada a ɗebe ɗan shila tun ido rufe da nufin a rene shi da gero ko madarar shanu, cikinsa ba ya ɗaukar ko ɗaya, mutuwa zai yi a hannu. Wanda ya tsinci ɗaya a ƙasa ya nemi sheƙar ya mayar, iyayen ba sa ƙinsa don an taɓa shi. Malamin da a ka yi wa tambayar nan kuma ya fita da almajiransa inda a ke zuba dawa, su ƙidaya masu jan ido da masu duhun ido, su rubuto mana abin da su ka samu.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin.

Naku,
Wani Akawu